Tsintsiyar da Rifkatu Ta Zana

Daren Laraba, unguwar Inkil

Ciwon baya ya hana ni barci yau ma. Tun asuba nake sunkuye ina shara a asibitin nan na Wunti. Na dawo a gajiye liƙis, ko takalmi ban cire ba, sai ga 'yata Rifkatu da aikin makaranta. Wai an ce kowa ya zana tsintsiyar sihiri mai tashi sama da mutum. Raina ya ɓaci. In wuni da tsintsiya a hannu, in dawo gida kuma in tarar da ita a littafi?

Na ce, "Tsintsiyar da ba ta wuce tsawon hannu ba, a ina mutum zai zauna? Je ki zana abin da kika ga dama."

Ta kwanta rub da ciki a tabarma tana ta zane. Da ta kawo, sai na ga ta yi wa tsintsiyar fukafukan zabuwa, da fitila a gaba saboda duhun asuba, da doguwar sanda. Amma babu wurin zama.

Na ce, "Malamarku za ta ce ba ki gama ba. Ina mai hawa?"

Ta ce, "Mama, ba a hawanta. Da kanta take tashi ta je Wunti ta yi shara ta dawo, ke kina kwance. Sandar kuma ta ranar da tsintsiyar ta kasa tashi ce, don kada ki sunkuya."

Ni da nake cusa bakin zani a baki in zan juya da dare, don kada ta ji nishina. Ashe duk tana ji.