Bidiyon da ka tura a kan Shu'aibu

Dogon Dutsi, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Abdulhakim a Kwatano,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Khairiyya da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan mun gode Allah. Damina ta zauna, hatsi ya yi kyau a gonarmu ta Tibiri, Inna kuma jiki da sauƙi, sai dai abin da ba a rasa ba. Na zaɓi in rubuto maka ne don na gaji da waya. Duk lokacin da ka kira, faɗa kake yi, ba ka barin mutum ya kai aya.

Ga abin da ya faru, ka ji shi daga bakin uwar yaro. Ɗanka Shu'aibu yana dawowa daga kai fasinja a kan babur ɗinsa na kabu-kabu, sai ya iso wani shinge na masu kayan sarki. Shi ya ce ya tsaya, yana laluben takardunsa, su kuma sun ce gudu ya so yi. Harsashi guda ya same shi a cinya. Yana kwance asibiti, yana da rai, likita dai bai ce komai ba tukuna a kan ƙafar. Mutum ɗaya ne ya ga abin da idonsa, Issa mai shayi da ke gefen hanyar, kuma tun farko ya ce mini ya ga yaron a tsaye, zai faɗi haka ko a gaban wa.

Ana cikin haka sai ga bidiyonka a zauren 'yan garinmu na WhatsApp: wani saurayi kwance cikin jini, mata na kururuwa, ka rubuta a ƙasa cewa an kashe Shu'aibu. Kafin in dawo daga asibiti, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, mutane na zuwa mini gaisuwar mutuwa. Wata ta kai wa Inna wayar har ɗaki, tsohuwa ta zube. Na san ba kai ka ɗauka ba, turo maka aka yi, zafin zuciya ya sa ka watsa. Amma Abdulhakim, kiran waya ɗaya ya gagare ka kafin ka binne mini ɗa?

Ka san Félix, ɗan maƙwabciyata Lea, wanda ke aiki a gidan rediyo. Ya so ya ba da labarin, amma ya ce ba zai faɗi abin da bai tabbatar ba. Muka zauna muka yi ta maimaita bidiyon har idona ya yi ja. A bayan mutanen akwai gawo cike da ganye shar, ƙasa kuma fetal babu ko ciyawa. Kai ma ka yi kiwo a ƙarƙashin gawo, ka san da damina tsirara yake. Félix ya cire hoto ɗaya daga ciki ya bincika a intanet, sai ga bidiyon nan tun shekarun baya, daga wata ƙasa ma, kuma an sha liƙa masa sunayen garuruwa daban-daban. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a wannan karon mu muka faɗa ciki.

Yanzu duk gari ya san bidiyon na ƙarya ne, sai aka haɗa da harbin aka ce duka ƙage ne. A kasuwa na ji wata na cewa ai faɗuwa Shu'aibu ya yi da babur, mu kuma muke neman suna. Mai binciken da na kai wa ƙara ya juyo mini da wayarsa, ya tambaye ni ko wannan ce shaidar danginmu. Shi kuwa Issa ya ja da baya, ya ce yana da iyali, ba zai sa kansa cikin maganar da ake neman masu yaɗa ta ba. Garin neman gira mun rasa ido. Wallahi na gaji, tsakanin asibiti da ofis da bakin mutane ban san inda zan sa kaina ba.

Ba kuɗi nake nema ba, kuma goge bidiyon a ɓoye ba zai wadatar ba. Ka yi magana da muryarka a zauren nan, ka ce kai ka tura, ba Shu'aibu ba ne a ciki, iyayensa ba su da hannu, amma harbin gaskiya ne. Ranar Juma'a Félix zai koma wurin Issa, ya ce in da muryarka a hannunsa wataƙila ya saurare shi. In Issa bai buɗe baki ba, za a rufe maganar a kan cewa yaron nan gudu ya yi, haka kuma zai ɗauki sunan har abada, da ƙafa ko babu.

Ka gaida Khairiyya da Khalid da 'yar auta Shamsiyya. Inna na sa maka albarka, ɗiyata Sa'a da baban yara suna gaishe ka. Shu'aibu bai ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba.

Yayarka,
Sahura.