Takalmanki Suna Bakin Ƙofa, Lami

Zuwa ga matata Lalita, wadda maƙwabtanku na Zariya suka raɗa wa Lami tun kina rarrafe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ki a raye. Ban taɓa zaton zan fara miki wasiƙa da wannan kalmar ba. Na sa ta a dandalin intanet na 'yan gida ne domin wayar ƙaninki ba ta shiga, ta otal ɗinku ma haka, ko Allah zai sa wani ya san wani a kudancin Indiya.

Ranar Kirsimeti kika kira ni daga Kanyakumari, kika ce da safe za ki kai Amma, mahaifiyarki, bakin ruwa ta ga fitowar rana. Washegari teku ya hau kan garuruwan gaɓar nan duka. Tun daga lokacin ban ji muryarki ba.

Na san hanyar da kuka bi, shi ya sa na kasa zama wuri ɗaya. Da ni aka yi ta shekarar da muka yi aure. Kin tuna motar hayar nan da muka cika maƙil, da kulolin shinkafar Amma a ƙarƙashin kujeru? Appa, mahaifinki, ya daɗe yana koyar da lissafi a Zariya, ya fi ni kula da lokacin azahar. Sai ya taɓa kafaɗar direba, ya juyo ya ce da ni, da Hausarsa ta malaman makaranta: "Malam Sani, lokaci ya yi." Su masu tafiya ziyarar wuraren ibadarsu, su tsaya a gefen titi cikin rana har in sallame.

A kan doguwar gadar shiga Rameswaram na rufe ido. Ruwa dama, ruwa hagu, ni kuwa Bazazzagi ban saba ba. Kika yi ta yi mini dariya, har kika gaya wa iyayenki surukinsu jarumi ne, amma a kan tudu.

A kowane gari kukan tuɓe takalma ku shiga ɗakin ibada, ni in zauna a waje in yi gadinsu. Ke kin musulunta, amma gwiwoyin Amma ba sa ɗaukarta, kin ce ba bauta za ki yi ba, hannun tsohuwa za ki riƙe. A Rameswaram na yi zaman gadin da kyau har wasu baƙi suka fara ajiye nasu a gabana, sun ɗauka sana'ata ce. Kuka daɗe, hankalina ya tashi. Sai ga ki kin fito sharkaf, an kwara wa Amma ruwan rijiyoyin cikin ɗakin ibadar ya haɗa da ke. Da na fara faɗa kika ce: "Kai dai ka zauna inda na bar ka. Duk inda na shiga zan fito in same ka."

Lami, maganar nan ce ta ɗaure ni yanzu. Abokaina na jami'a sun ce in hau jirgi in je in bi asibitoci. Na haɗa jaka, na kwance ta, na sake haɗawa. In na tafi, wa zan bar wa 'yarmu Safiya? In kuma kika samu waya kika kira gida, wa zai ɗaga? Ko kanti ba na iya zuwa don kada ta yi ƙara ba na nan.

Hajiya Rakiya ta Maraɗi, mai shago a titin High Point Road a nan Greensboro, tana kawo mana tuwo. Da farko takan ce a ajiye miki naki. Yanzu sai ta ajiye kula ta yi ƙasa da murya, irin yadda ake yi a gidan rasuwa. Jiya mijinta ya tambaye ni a hankali ko a kawo tabarmi, mutane na so su zo gaisuwa. Na ce masa ba a yi mini mutuwa ba. Na faɗa da ƙarfi, ga dattijo, kuma ban iya ba shi haƙuri ba.

Tsoro nake ji, Lami. Na san ki. In ruwa ya zo kina riƙe da hannun Amma, ba za ki sake ta ki gudu ba. Wannan tunanin ne yake hana ni cin abinci.

Takalmanki na sanyi suna bakin ƙofa, inda kika tuɓe su ranar tafiya kika ce can ba a bukatarsu. Safiya ta so ta kai su ɗaki, na hana ta. Ta tambaye ni da Turanci me ya sa, na ce aikina ne gadinsu. Yanzu kowace safiya kafin motar makaranta ta zo, ita ke gyara musu zama.

Ya Allah, kai ka san inda take. Ka tsare ta, ka tsare Amma da Appa da ƙaninta, ka ji ƙan waɗanda ruwan ya tafi da su, ka sa waya a hannunta.

Ina nan inda kika bar ni. Kin daɗe a ciki, Lami, ki fito.

Naki mai gadin takalma,
Sani
Greensboro