Layin da Yaya Nassirou Ya Bari

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
Kuran, wato wutar lantarki, ya tafi tun hantsi. Da ragowar batirin ordinatar, kwamfutata, na yi aiki, zufa har gwiwar hannu. Sumana, shugaban ƙungiyarmu ta masu ba da jini, ya sake kira. An nemi masu jinin O, program ya fito da rabi sunaye, rabi shirme. Wai, "Madam Zuwera, lokacin marigayi ba a haka." Yayana Nassirou ne ya rubuta program ɗin, rasuwarsa ce ta bar mini.

Talata, 15 ga Afrilu
Ban gano komai ba. Kaina kamar ya tsage.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Na gano, kuma da ma ban gano ba. Fonksiyon ɗin, wato ɓangaren program da ke tambayar baz, ma'ajiyar sunayenmu, ba sunayen yake miƙowa ba, pwantar yake miƙowa, wato adireshin inda ya ajiye su cikin ƙwaƙwalwar na'ura. To Yaya ya sa shi ya saki wurin tun kafin ya miƙo adireshin. In ba abin da ya taɓa wurin, sunaye na nan. In wani aiki ya riga ya zauna a kai, sai shirme. Ashe tun yana raye haka yake, sa'a ce ta rufa asiri.
A saman layin ya rubuta, "Ya yi. Kar a taɓa." Har muryarsa na ji. Na rufe ordinatar.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Inna ta ce, "Aikin ɗan'uwanki na tafiya?" Na ce yana tafiya.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Wata Iklima daga Gamkalley, jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Sumana ya nema, shirme. Ya sake nema, shirme. Ya kira ni yana haɗa Hausa da Zabarmanci. Na shiga baz da kaina, ina karanta masa lambobin masu ba da jini ɗaya-ɗaya ta waya, ina jin kukan uwarta a bayansa. Wani tela daga Zongo ya hau moto ya je ya ba da jini. Ta rayu.
Da la'asar Sumana ya ce, "Da wayarki na kashe fa?" Bai ɗaga murya ba. Gara da ya ɗaga.

Litinin, 21 ga Afrilu
Na sake rubuta shi. Yanzu mai tambaya shi ke tanadar wuri, ya ba fonksiyon pwantar ya zuba masa sakamako, kuma ba a sakin wurin sai sunaye sun fito a allo. Aikin bai kai shan shayi ba. Goge kalmomin Yaya ne ya cinye mini yini. Allah ya jiƙanka, ka yafe mini.

Laraba, 23 ga Afrilu
Na gwada har na gaji, bai kuskure ba. Akwai wasu fonksiyon biyu masu irin ciwon, gobe in Allah ya kai mu.
Sabuwar sakatariya, Kadi, ta leƙo allo ta ce, "Anti, program ɗin wa ne wannan?" Na ji bakina ya ce nawa. Gajiya ce, ina jin. Ban dai gyara maganar ba.