'Yan Mazaɓa da Famfon Unguwarmu

Litinin, 19 ga Disamba 1994

Kai da wataƙila za ka ɗauki takardar nan, faɗa mini: mene ne ɗan mazaɓa? Yau depitenmu, wato ɗan majalisarmu, Alhaji Hassan, ya sauko daga Yamai, ya hau bayan mota yana ihu: “'Yan mazaɓata, ku ne sassan jikina!” Mata na guɗa, har da Inna. Sassan jiki! Tun damina famfon unguwarmu ya mutu, ƙarfe guda ya karye, kuma ana sayar da shi a Maraɗi. Jikin nan bai ji ƙishi ba?

Laraba, 21 ga Disamba

Inna ta dawo daga tafki, tulu a ka, tana ɗingishi. Na ce, “Inna, ke wane sashe ce, ƙafa ko wuya?” Ta ce in rufa mata baki.

Talata, 3 ga Janairu 1995

Yanzu na gane. Mazan gari sun tafi cin rani Katsina da Kano, sun bar katunan zaɓensu a gida. Yaran Alhaji na bi gida gida suna tattarawa, wai za a jefa musu ƙuri'a. Ashe ɗan mazaɓa kati ne. Kati ba ya shan ruwa, ba ya tambaya. Wayo ke nan fa.

Ni nawa yana ƙarƙashin katifa tun bara. Na rantse ba zan taɓa shi ba.

Juma'a, 6 ga Janairu

Yaran Alhaji sun zo neman katin yayana Ɗan Azumi. Na ce su kawo ƙarfen famfo tukuna. Ɗaya ya ce, “Kai da ba ka zaɓe, ina ruwanka? Ai ba ka cikin mazaɓa.” Ni, da aka binne cibiyata bayan ɗakin nan!

Ban ba su ba. Ƙafar Inna ta kumbura.

Talata, 10 ga Janairu

Jibi zaɓe, gobe mitin, taron siyasa na ƙarshe, a bakin kasuwa. Na ciro katina, na share masa ƙura. Ba don wani abu ba, kada gara ta ci shi ne kawai.

Zan tsaya a gaba da tulun Inna. Alhaji Hassan, ga mu, mu 'yan mazaɓarka. Ɗauki lasifikar ka faɗa gaban jama'a: wace rana ruwa zai fito?