Gadon Akwatunan Kananzir

Zuwa ga ƙanwata Hajo a Damagaram, gaisuwa mai yawa. Ina gida, ina yara, yaya ƙafar taki?

Mun sauka Tudun Wadan Zariya lafiya, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ɗana Habu ya ce kayan ɗaki sun yi tsada, sai ya kwaso akwatunan kananzir daga bayan kantin Nasara, ya jera, ya shimfiɗa tabarma. Wai, "Baba, ga gado!" Na ce, "Ni kananzir ne?" A ƙasa nake kwana, haƙarƙarina duk ciwo.

Kada ki sayar da gadon da babanmu ya sassaƙa, ki ba fatake su kawo mini. In bai iso kafin damina ba, wallahi ni zan komo gare shi.

Ki gai da kowa, ku roƙa mini barci wurin Allah.

Yayanki, Ɗanjuma