Tagar da Kika Huda Saboda Tsamiyata

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan makwancinki ya yi sanyi. Mu nan Madarumfa lafiya muke. Tafki ya ja baya, masunta na ta ƙorafi kamar yadda kika bar su, Rabi da jikokinki kuma suna nan ƙalau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jiya magini ya zo duba ɗakinki, don a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ya ga ramin nan na bangon gabas, ya ce zai toshe shi da curin ƙasa ɗaya. Na ce kada ya taɓa. Ya dube ni yadda ake duban tsofaffin sojan da yaƙi ya taɓa wa kai, ni kuwa ban yi masa bayani ba. Ke ce ya kamata in yi wa bayani, kuma na makara.

Kin tuna shekarar da na dawo daga yaƙin Andoshin, can bayan teku? Wasu sun zo da bargo da agogo. Ni ɗanki na zo da almakashi da wani ilimi da ba ya cika ciki. A can akwai wani tsoho kusa da barikinmu da ke renon itace a cikin tukwane. Yana rage musu saiwa, yana datse rassa, har itace ya tsufa bai wuce gwiwa ba. Duk ranar da aka harbe wani daga cikinmu, wurinsa nake zuwa in zauna ina kallo. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa, amma hankalina kan kwanta.

Da na iso gida na haƙo wata ƴar tsamiya a bakin tafki, wadda awaki suka hana girma, na dasa ta a fasasshen kaskonki. Kika tsaya kaina kina kallo, kika ce, "Mutane na roƙon icce shi girma, wanga kau yana hana shi." Kin ce "wanga" domin ni ne ɗan farinki, ban taɓa jin sunana a bakinki ba.

Bayan haka aka kira ni Damagaram don sauran watannin aiki kafin sallama. Na bar tsamiyar a kan katangar tsakar gida, na bar miki ita amana. A lokacin an riga an fara maganar aurena da Rabi.

Ranar da na dawo, na sauko daga babbar motar kamyo, ban ko cire takalmi ba na nufi katanga. Ba kasko. Na same shi a ƙuryar ɗakinki, ƙarƙashin gado, bayan ƙore, inda ko kaza ba ta ganin gabanta. Ganye ya yi ruwan ɗorawa ya zube, rassa sun zama tsinke.

Inna, na san abin da na faɗa, kuma Gwaggo Tabawa na zaune ta ji. Na ce ke ba ki san darajar komai ba in ba gero ba. Na faɗa da muryar da ake yi wa kurtu tsawa. Kika sunkuyar da kai, kika ce, "To, na ji." Da na ɗauki kaskon zan fita da shi, kika tare ƙofa, kika ce, "Iccen ga ba shi barin ɗakin nan ina raye." Na ɗauka taurin kai ne na tsufa. Na dire shi, na fita, kwana uku ban ci tuwonki ba.

Daga nesa nake satar kallonki kina yawo da kasko a cikin ɗaki ɗaya. Kin ajiye shi bayan ƙyaure, kika ga duk mai sallama zai hango shi. Kin matsar da shi kusa da inda kike hura wuta, hayaƙi ya dame shi. Kin kai shi gindin randa, ƙasar ta ƙi bushewa har ta fara wari. Ni da na ƙetare teku na koyo sana'ar ban ba ki shawara ko ɗaya ba, ina can ina kumbura.

A safiya ta huɗu na gan ki bayan ɗaki kina bin bango da tafin hannu, kina neman inda rana ke fara taɓawa. Kika ɗauko guntun ƙarfe kika shiga sara, ke kaɗai, da wannan kafaɗar taki mai ciwo. Kika huda taga mai faɗin tafi biyu, can sama da kan mai wucewa, yadda haske zai shiga ido bai bi shi ba. Kika kife tsohon turmi a ciki daidai inda hasken ke sauka, nesa da murhu, nesa da iskar ƙofa, kika ɗora kaskon.

Kowace safiya kina juya shi kaɗan don kowane gefe ya sami rabonsa na rana. Ba kya ba shi ruwa sai kin tsoma yatsa a ƙasar kin ji ta bushe. Ba wanda ya koya miki. Kafin wata ya mutu, tofo ya ɓullo a reshe biyu. Kika aiko a kira ni, kika nuna da haɓa, kika ci gaba da kaɗin audugarki. Na yi murna ƙwarai, amma bakina ya ƙi furta abin da ya dace.

Da sanyi ya shigo, iskar tafki ta sami hanya ta wannan taga. Kina toshe ta da tsumma da almuru, amma da asuba, lokacin da sanyin ya fi cizo, kike cirewa don kada itacen ya rasa hasken farko. A shekara ta uku tari ya kama ki. Na san ajali na Allah ne. Duk da haka ina yawan tunanin wannan tsumma.

Sai bayan sadakar bakwai ɗinki Rabi ta gaya mini abin da ya faru ina Damagaram. Kowa ya san tsamiya mazaunin iskoki ce, balle wadda ta ƙi girma a hannun wanda ya dawo daga bayan teku. Magana ta zaga gari cewa na kawo aljani a kasko. Wani maƙwabcinmu mai bin addinin kakanni ya zo da jan zakara yana neman izinin yanka a gindinta. Mahaifin Rabi ya aiko cewa ba zai ba da ɗiyarsa gidan da ake kiwon iska ba. Ke da ban taɓa kama ki da ƙarya ba, kika ce musu itacen ya mutu, kin jefa shi tafki. Kuma kika ɓoye mini, domin kin san da zafin kan da na dawo da shi, da na ji, da na je na yi wa surukina rashin kunya, auren ya watse.

Ashe sunana kike tsarewa a ƙarƙashin gado, sunan da ba kya iya faɗa. Ni kuwa na tsaya gaban Gwaggo ina auna ki da gero.

Tsamiyar na nan a kan turminki. Tsohon surukina ya rasu, surutun ya mutu, da zan iya fitar da ita tsakar gida yau ba mai cewa uffan. Na gwada sau ɗaya, na kasa wuce bakin ƙofa. Ni ke juya ta yanzu kowace safiya, kuma bana ta yi fure karon farko.

Inna, ki yafe mini. Shekara uku muna gida ɗaya, kalmomin nan uku suka gagare ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya buɗe miki taga ta wajen Aljanna wadda haske ke shigowa ba tare da sanyi ba. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
wanda kike ce wa "wanga".