Ni na hana masu igiya aiki, wani za a kora

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat. A hawa na sha ɗaya muke zaune, kuma duk wata uku masu wanke gilashi kan sauko da igiya daga saman ginin. Bara waccan na fito wanka da ɗaurin ƙirji, sai ga mutum yana lilo a tagar ɗakina. Na kurma ihu, na kira mai kula da ginin, abokin maigidana, na wanke shi tas. Na ce kada a ƙara sauko da kowa ta ɓangarenmu. Ya amsa da baki, bai rubuta a ko'ina ba.

Washegari shugaban masu igiyar, wani dattijo, ya turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa yana ba da haƙuri. Ya ce robar da ke riƙe da gilashin falonmu ta bushe, a bari su canza. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na jefa ta a shara. Ashe ba wanki kaɗai suke yi ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi iska, gilashin ya ɓalle ya tarwatse kusa da bencin mai gadi. Ɗinki tara aka yi wa mai gadin a kafaɗa, mutumin da kullum yake taya ni ɗaukar kaya. Masu ginin sun ce sakacin dattijon ne, ranar Alhamis za su sallame shi. Mai kula ya yi gum, maigidana ya ce in ja bakina. Nadama ta cika ni, ko abinci ba ya shiga. Yaya zan yi?

Mai hawa na sha ɗaya

Ƙanwata, ihunki ba laifi ba ne. Ɗakin mace sirrinta ne, kuma ya kamata a sanar da mazauna kafin a sauko. Amma maganin wannan sanarwa ce da labule, ba hana aiki ba. Dogon gini kullum rana da ruwa suna cinsa, masu igiyar nan ne ke ganin ɓarna tun tana ƙarama. Mai kula ma yana da nasa kason, ya zaɓi farin jini a kan aikinsa.

Ki zauna da maigidanki yau, ki gaya masa cikin ladabi cewa shirun nan zalunci ne. Ki rubuta abin da ya faru, har da batun takardar da kika jefar, ki miƙa wa masu ginin kafin Alhamis. Ki nemi a duba sauran tagoginku a makon nan, ki kuma je ki gaida mai gadi da ƙafarki. Za ki ji kunya, ƙila ki sha faɗa, amma na kwana biyu ne. Dattijon kuwa, in aka kore shi da sunan sakaci, babu ginin da zai ƙara ɗaukarsa, kuma shi ne ya gargaɗe ki.

Allah ya ba mai gadi lafiya, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya.